Karatun Injiniya a Ƙasar Daura: Makarantu Sun Zo Har Gida, Saura Zaɓi

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista a ƙarshen hunturu, cibiyoyin rajista na Daura kan cika maƙil da 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Wasu 'yan cikin gari ne, wasu sun yi sammako daga Zango ko Baure, wasu daga Mai'aduwa da Sandamu, kowa riƙe da lambar katinsa na ɗan ƙasa a 'yar takarda. Layi kan yi tsawo, intanet kan yi ta yankewa, saboda haka idan yaro ya samu ya zauna gaban kwamfuta babu mai ba shi lokacin dogon tunani. Wace makaranta? Wane kwas? Cikin 'yan mintoci zai ba da amsar da za ta yanke garin da zai zauna shekara biyar, da kuɗin da mahaifinsa zai riƙa nema duk zango, da irin takardar da zai riƙe a ƙarshe.

Da yawa daga cikin masu cewa injiniya suke son zama, da jita-jita suke ba da wannan amsa. Wani ya ji cewa ɗan maƙwabcinsu yana Zariya, wani kawunsa ya ce Bayero ta fi kusa, wani kuma abin da na gabansa a layi ya zaɓa shi ma shi zai zaɓa. Alhali a cikinsu akwai yaran da tun suna firamare suke kwance rediyo su mayar, suna haɗa fitila da batirin waya, suna raka mai sola ɗaura faranti a kan rufin kwano. Irin wannan baiwa ba ta cancanci a jefa ta cikin caca ba.

Shekara goma da suka wuce tambayar ba ta da rassa da yawa, domin babu abin zaɓa a gida. Mai son karatun injiniya dole ya ɗauki akwati zuwa Katsina ko Kazaure idan difloma yake nema, ko Kano da Zariya idan digiri ne. Yau taswirar ta sauya. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura. A shekarar ce kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura ta jihar Jigawa, wadda ga mutumin Baure ta fi Katsina kusa nesa ba kusa ba. Ga kuma Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, wadda ta daɗe tana karɓar 'yan Daura. Mafi yawan wannan sauyi a zamanin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya faru, kuma ko masu sukar yadda aka tara cibiyoyi a mahaifarsa ba su musa cewa gine-ginen suna nan tsaye ba.

Jami'ar da ta zo tare da layin dogo

Ranar 2 ga Disamba 2019 Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Daura. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin, wanda ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan, shi ya ɗauki nauyin ginin a matsayin kyauta, a kan kuɗin da aka ce ya kai dala miliyan 50. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, shi ya tsaya tsayin daka a kan aikin, har masarautar Daura ta naɗa shi Ɗan Amana a 2022. An sa wa dokar kafa jami'ar hannu a 2023, aka naɗa Farfesa Umar Adam Katsayal shugabanta na farko, sannan a 2024 ta rantsar da ɗalibanta na farko.

Hujjar kafa ta ba ɓoyayya ba ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda da Nguru wajen 1930, amma bai taɓa ratsa Daura ko birnin Katsina ba. Sai a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kusan kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Ƙasar da ke cin bashin biliyoyin daloli tana shimfiɗa dogo, tana buƙatar 'ya'yanta da za su kula da shi bayan 'yan kwangila sun naɗe tabarmarsu. A kan haka jami'ar ke koyar da injiniyan gine-gine, da na lantarki, da na injuna, da na layin dogo, tare da kwasa-kwasan tafiyar da harkar sufuri da jigilar kaya.

Ga talakan Daura wannan alheri ne babba. Yaron da zai iya zuwa lacca daga gidan ubansa, ko daga gidan gwaggonsa a cikin gari, ya tsira daga kuɗin haya da na mota da rabin kuɗin abinci. Amma son gida bai kamata ya hana yin tambaya ba. Jami'ar da ta rantsar da 'yan fari a 2024 ba za ta yaye injiniyanta na farko ba sai wajen 2028. Ba ta da tsofaffin ɗalibai a ma'aikatu da za su ja hannun na baya, kuma babu wani mai ɗaukar aiki da ya taɓa gwada 'ya'yanta ya san ƙarfinsu. Duk wanda ya shiga yanzu yana cikin waɗanda za su yi mata suna, mai kyau ko akasin haka. Haka abin yake ga Babura. Wannan ba aibi ba ne, kowace jami'a ta taɓa zama sabuwa. Abin da ake buƙata shi ne uba da ɗa su sani da idonsu buɗe suka shiga.

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya da kanta ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantu na tarayya har tsawon shekara bakwai. Dalilin da ministan ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya bayar shi ne an yi ta buɗe makarantu ba tare da isassun malamai da kayan aiki da ma ɗalibai ba. Karatun injiniya ya fi kowane karatu jin zafin irin wannan ƙaranci, domin ba a koyon sa da alli da allo kaɗai.

Zaɓin yana farawa tun aji huɗu

Gaskiyar da ba a cika faɗa wa iyaye ba ita ce, rabin zaɓin an riga an yi shi shekara uku kafin ranar rajista. A aji huɗu na sakandare, wato SS1, ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da sauran azuzuwa. Wanda bai ɗauki Fiziks da Kemistiri a nan ba, ƙofar injiniya ta rufe masa, sai dai ya dawo baya ya sake jarrabawa. Jami'o'i na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, kuma dole a ciki a samu Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, a zama ɗaya ko biyu. A jarrabawar JAMB ma darussa huɗun nan ne mai neman injiniya zai rubuta. Duk shekara ana samun yaran da suka ci maki mai kyau amma suka rasa gurbi don kawai sun sa Bayoloji a madadin Lissafi ko Kemistiri a lokacin cike fom.

Makarantun karkara na masarautar sun san inda takalmin ke matsa su: malamin Fiziks. Akwai makarantar da mutum ɗaya ke koyar da Lissafi da Fiziks ga azuzuwa uku, akwai wadda ke dogara da ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara, akwai ɗakin gwaji da ba a buɗewa sai ana gobe jarrabawa. Shi ya sa iyayen da suka gane suke kokawar sa 'ya'yansu a makarantun kimiyya na kwana, ko Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Daura, ko makarantun koyon sana'a irin na Mashi. Sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020 ya sanyaya gwiwar iyaye da yawa game da makarantar kwana, kuma asarar da hakan ta jawo wa karatun kimiyya a jihar ba ƙarama ba ce, ko da yake yankin Daura ya fi kudanci da yammacin jihar kwanciyar hankali.

Sai batun maki. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB, kuma sakamakon farko ya nuna fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 cikin 400 ba. An sa 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a a shekarar, 100 kuma ga kwalejojin fasaha. Nan ne yara ke ruɗuwa. Yaro ya ci 165 sai ya yi ta murna ya haye, bai san cewa 150 ɗin ƙasan ƙasa ne ba. Kowace jami'a tana ɗora nata, kowane sashe kuma yana ɗora nasa a kai. A tsofaffin jami'o'i, injiniyan lantarki ko na gine-gine ko na kwamfuta na cikin kwasa-kwasan da ake turmutsitsi a kansu, kuma makin da bai kai 200 ba da wuya ya buɗe ƙofarsu. Abin da kan biyo baya sananne ne: a ba yaro wani kwas da bai nema ba, ya karɓa da ɓacin rai, ko ya zauna gida shekara guda.

Hatimi biyu

Kafin a tambayi kyan gini ko girman ƙofar shiga, tambaya ta farko ita ce: an tantance wannan kwas ɗin? Kwas ɗin ake tantancewa ɗaya bayan ɗaya, don haka jami'a tana iya zama halastacciya amma wani sashe nata bai samu amincewa ba.

Hatimi biyu ake nema. Na farko na hukumar kula da jami'o'i ne, NUC, ko kuma hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna idan kwalejin fasaha ce. Na biyu na majalisar COREN ne, wadda aka kafa da dokar soja a 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya. Ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma a bisa doka sai wanda ta yi wa rajista ke da ikon kiran kansa injiniya ya sa hatimi a zanen aiki. Wanda ya gama digiri sai ya yi aiki na aƙalla shekara huɗu kafin ya nemi wannan rajista. Idan a ranar aka duba aka ga COREN ba ta amince da kwas ɗin da ya karanta ba, zai fara yawon neman gyara bayan shekara kusan goma da fara tafiyar. A 2023 Najeriya ta samu shiga yarjejeniyar Washinton a matakin wucin gadi ta hannun COREN, wato yarjejeniyar da ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna. Hakan ya ƙara wa hatimin daraja ga mai tunanin aiki a ƙetare.

Sabon kwas yana da matakai: ana fara duba ko makaranta tana da malamai da kayan aiki kafin a ba ta izinin ɗaukar ɗalibai, sai kuma tawagar tantancewa ta dawo bayan ɗaliban sun yi nisa. Sakamakon na iya zama cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko hanawa. Ba rashin kunya ba ne uba ya je ofishin shugaban sashe ya gaishe shi ya ce, ranka ya daɗe, a wane mataki kuke? Malamin kirki zai ji daɗin tambayar.

Daga nan sai a nemi ganin ɗakunan aiki, domin gani ya kori ji. Injin sassaƙa ƙarfe yana aiki, ko har yanzu yana cikin ledarsa? Akwai injin gwada ƙarfin kankare da na gwada ƙasa? Idan wuta ta ɗauke, akwai janareta ko sola da zai ɗauki nauyin injunan? Ɗalibi nawa ke taruwa a kan inji ɗaya? Wa ke koyarwa, malaman dindindin ne ko masu zuwa daga Kano sau ɗaya a wata su haɗa laccar mako huɗu a yini biyu? Waɗannan amsoshi ba a samun su a takardar talla. Ɗan aji uku da aka tare a bakin masallacin makaranta zai faɗe su cikin minti biyar. Daga Daura zuwa kowace daga cikin makarantun Kazaure, Babura, Katsina ko Kano tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo, kuma kuɗin motar bai kai asarar shekara biyar ba.

Tsofaffin gidaje

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wato ABU, wadda aka buɗe a 1962, ita ce uwa. Tsangayarta ta injiniya ta gaji tsohuwar kwalejin fasaha ta Zariya da ta riga jami'ar, kuma shekaru da dama ita ce ke samar wa Arewa injiniyoyin hanyoyi da madatsun ruwa da wutar lantarki. Faɗin zaɓinta ya fi na kowa a yankin: gine-gine, injuna, lantarki, sinadarai, ƙarafa, noma, albarkatun ruwa, kwamfuta, sadarwa. Ta kuma ƙulla haɗin gwiwa da wata jami'a a ƙasar Sin, inda ɗalibai kan yi shekara uku a Zariya su ƙarasa biyu a can a fannonin da suka shafi layin dogo. Jami'ar Bayero ta Kano ta fi kusa da Daura, kuma kusancinta da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa yana taimakon ɗalibi idan lokacin koyon aiki ya zo. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka kafa a 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote. Can gaba akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci da Jami'ar Fasaha ta Minna. Mai sha'awar jirgin sama sai ya duba cibiyar fasaha ta sojojin sama, AFIT, a Kaduna, wadda ke ɗaukar farar hula.

Ɗan jihar Katsina yana da wata dama da ya kamata ya sani. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Katsina na cikinsu. Wato ɗan Daura da ya nemi Bayero ko Zariya yana da ƙofa uku da zai iya shiga ta cikinsu. Sai dai manyan jami'o'in nan ba sa waiwayar wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Sa ABU a zaɓi na biyu kusan ɓarnar gurbi ce.

Tsufa ma yana da nasa ciwon. Azuzuwa sun cika, wasu injunan sun girmi malaman da ke koyarwa da su, ɗakunan kwana ba sa isa. Ga yajin aiki: na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ɗaliban da suka faɗa tsakanin biyun, karatun shekara biyar ya zame musu kusan bakwai. Duk da haka, ga yaron da makinsa ya kai, kuma gidansu za su iya ɗaukar nauyin zamansa, tsohon sashe mai cikakkiyar amincewa da farfesoshi da tsofaffin ɗalibai a kowace ma'aikata shi ne zaɓi mafi aminci. Wannan ba raina na gida ba ne.

Difloma ba faɗuwa ba ce

A gidaje da yawa, idan aka ce yaro ya tafi poli, wato kwalejin fasaha, sai a yi shiru kamar an yi rashi. Tushen wannan kallo sananne ne: bambancin da ake yi wa mai babbar difloma da mai digiri a aikin gwamnati. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin soke bambancin a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. COREN ma tana yi wa mai babbar difloma rajista ne a rukunin masana fasaha, sai ya ƙara karatun gaba da difloma kafin ya hau rukunin injiniyoyi. Ɓoye wa yaro wannan zalunci ne.

Amma ga ɗaya ɓangaren. Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso daga makarantar koyon sana'a ta Wudil ya fara, ya wuce kwalejin fasaha ta Kano, ya yi difloma da babbar difloma a Kaduna, ya shafe shekaru yana aiki a hukumar ruwa ta WRECA, sannan ya ƙaro karatu a Ingila. Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ma ta kwalejojin fasaha na Mubi da Kaduna ya bi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a kwalejin fasaha ta Birnin Kabi ya yi difloma kafin ya tafi Ditiroit ta Amurka, daga baya kuma ya dawo ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa a 2017.

Tsarin kansa yana da hikima ga ɗan talaka. Shekara biyu a sami difloma, shekara ɗaya a yi koyon aiki, sannan a koma shekara biyu don babbar difloma. A ƙarshen shekara biyun farko yaro yana da takarda a hannu da sana'ar da zai iya ci da ita. Idan sakamakonsa ya yi kyau, yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ba tare da sake zama jarrabawar JAMB ba. Wato ɗan Sandamu da ya ci 150 yana iya yin difloma a Daura ko Kazaure ko Kwalejin Hassan Usman ta Katsina, ya fito da sakamako mai ƙarfi, ya shiga Bayero ya tarar da abokansa, kuma hannunsa ya riga nasu sanin ƙarfe. Wata hanyar ita ce shirin IJMB, ko makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa. Duk waɗannan sun fi zaman gida ana maimaita jarrabawa shekara uku.

Aljihu, da 'ya mace

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, kuma a shekarar ce jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Ɗalibin injiniya yana da ƙarin nauyi a kan na sauran: kayan zane, rigar aiki da takalmi, kwamfutar tafi-da-gidanka wadda daga aji uku ta zama dole, zaman wata shida na koyon aiki a aji huɗu sau da yawa a wani gari, sai aikin ƙarshe da yakan ci kuɗin sayen kaya. Lissafin shekara biyar ya kamata uba ya yi tun farko, domin yaran da ke barin karatu a aji uku ba duka ne suka faɗi jarrabawa ba.

Akwai inda za a nemi sauƙi. Asusun bashin ɗalibai, NELFUND, ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa. Rashin ruwan ya cire wa iyaye da yawa shakkun da suke da shi ta fuskar addini. Akwai hukumar tallafin karatu ta jihar Katsina, akwai asusun PTDF ga masu fannonin da suka shafi man fetur, kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta tura 'yan makarantun gwamnati karatu zuwa Masar da Sin. Irin waɗannan damammaki masu sakamako mai kyau da kunne a buɗe suke samu.

Inda sababbin makarantun Daura za su fi yin tasiri shi ne wajen 'yan mata. Uba da yawa da ba zai taɓa yarda 'yarsa ta yi shekara biyar a Bauci ko Minna ba, zai bar ta ta hau adaidaita da safe ta dawo da yamma. Yarinyar da ta fi kowa Lissafi a ajinta, wadda a da ake cewa ta yi haƙuri ta nemi aikin jinya ko koyarwa don su ne a kusa, yanzu tana da hujjar da za ta kai gaban mahaifinta. Ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, da aka kafa tun 1958, sai a Janairun 2024 ta rantsar da mace ta farko a shugabancinta, Injiniya Margaret Oguntala. A Arewa giɓin ya fi haka faɗi, kuma jami'ar da ke bakin ƙofa tana iya rage shi fiye da duk wani taron wayar da kai.

Wane fanni?

Sunan kwas yana ruɗar yara. Injiniyan layin dogo suna ne mai daɗin ji, musamman ga wanda yake ganin ana tara ƙasa ana gina gadoji a bayan garinsu. Amma masu ɗaukar irin wannan injiniya a Najeriya kaɗan ne: hukumar jiragen ƙasa, ma'aikatar sufuri, sai 'yan kwangila. Idan aikin dogo ya tsaya saboda kuɗi, kamar yadda ya sha tsayawa, kasuwarsa ta tsaya. Wanda ya karanta injiniyan gine-gine zai iya aikin dogo, ya iya na hanya, ya iya na gada da magudanar ruwa da bene. Ga yaro ɗan shekara 17 da bai gama sanin kansa ba, fanni mai faɗi a digirin farko ya fi, ƙwarewa ta zo daga baya. Wanda kuma zuciyarsa ta riga ta kafe a kan jirgin ƙasa, to ya shiga, amma ya riƙe darussan tushe da kyau.

Aikin da ke jiran injiniya a wannan yanki a fili yake. Madatsar Sabke da bututun da ke kai ruwa Daura suna buƙatar masu kula da famfuna. Hanyar Kano zuwa Kwangwalam da ake faɗaɗawa za ta buƙaci gyara muddin manyan motoci na bin ta zuwa iyakar Nijar. Tashar wutar iska ta Lambar Rimi, mai fankoki 37 da aka tsara za ta ba da megawat 10, ta shafe fiye da shekara goma tana jan ƙafa, kuma kula da irin waɗannan injuna aikin ƙwararru ne. Sola ta shiga gidaje da asibitoci da gonakin rani, amma yawancin masu haɗa ta da ido suka koya, shi ya sa batira ke mutuwa kafin lokacinsu. Manoman gero da wake da riɗi suna neman injin casa da na tatsar mai da za a iya gyarawa a gari. Ba duka waɗannan ne aikin albashi ba, kuma malamin da ke ba yaro shawara ya kamata ya faɗa masa haka tun wuri.

Bayan an gama duk wannan lissafi, akwai matakin ƙarshe da ake yawan tuntuɓe a kansa. Tun 2017 duk wani gurbin karatu na halas ta shafin CAPS na hukumar JAMB yake fitowa, kuma ɗalibi da kansa zai shiga ya danna ya karɓa ko ya ƙi, cikin wa'adin da aka ba shi. Wanda makinsa bai kai na zaɓin farko ba yana iya biyan kuɗi kaɗan ya sauya makaranta ko kwas kafin a rufe. Yaron da ya bar lambar wayarsa da kalmar sirrinsa a hannun wani yana iya wayar gari an karɓar masa kwas ɗin da bai so ba. Gurbin da aka samo ta bayan fage kuwa, wanda sunan ɗalibi bai hau CAPS ba, matsalarsa takan fito ne bayan an gama karatun, ranar da aka zo tura sunaye bautar ƙasa aka nemi nasa a rajistar JAMB aka rasa.